Kokina da Turbidayit: Yadda Ake Bambance Su a Tafin Hannu da a Gindin Dutse

Kokina da turbidayit 'yan gida ɗaya ne, gidan duwatsun gwiɓa, wato duwatsun da suka samu daga kayan da ruwa ko iska suka kwaso suka sauke, suka kwanta hawa bisa hawa, suka daskare da tafiyar zamani. Zumuncin nasu a nan ya tsaya. Kafin ka ɗauki guduma akwai magana guda da ya kamata ta zauna maka, domin ita ce ke rikita ɗaliban ilimin duwatsu: sunayen nan biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Kokina suna ne na abin da aka yi dutsen da shi, ɓawon halittun ruwa. Turbidayit kuwa suna ne na yadda kayan suka iso inda suka kwanta, yashi ne, laka ce, ko ma ɓawon ne kansa. Shi ya sa kana iya gane kokina da ɗan guntu a tafin hannunka, amma turbidayit sai ka taka zuwa gindin dutsen ka ga yadda shimfiɗunsa suka jeru.

Yadda kowanne ke samuwa

Kalmar kokina daga harshen Sifaniyanci ta fito, sunan wata ƙaramar halittar teku ce mai ɓawo biyu irin na makankari. Dutsen yakan samu a gaɓar teku ko ta babban tafki, inda igiyar ruwa ba ta hutawa. Ɓawon makankari da na katantanwa su taru, igiya ta yi ta jujjuya su tana farfasawa, tana kwashe laka da yashi mai laushi zuwa wani wuri, kamar yadda mace ke sheƙa hatsi iska ta tafi da ƙaiƙayi. Abin da ya rage, ɓawo zalla, sai ruwan sama ya ratsa shi ya narkar da kaɗan daga cikinsa, narkakken ya sake daskarewa a inda ɓawo ya taɓa ɓawo. Idan ka san kantun gyaɗa, wanda sukari ɗan kaɗan ya riƙe ƙwayoyinsa, ka san ƙirar kokina.

Turbidayit labarinsa na gaggawa ne. Yashi da laka sukan taru a bakin gangaren da ke sauka zuwa zurfin teku. Girgizar ƙasa, ko ambaliyar babban kogi, ko nauyin tarin kansa ya sa su zabtare. Da sun gauraya da ruwa sai gaurayen ya fi ruwan da ke kewaye da shi nauyi, ya kwarara ƙasa yana bin gangare. Wanda ya taɓa ganin bangon ƙurar da ke gaban hadarin farkon damina, yana birgima a ƙasa yana haɗiye gari, ya ga ɗan'uwan wannan kwarara, sai dai ita a ƙarƙashin ruwa take. Idan ta isa shimfiɗaɗɗen wuri ƙarfinta ya kare, sai ta fara sauke kayanta, mai nauyi da farko, mai laushi daga baya.

Babu wanda ya tsaya ya ga wannan da idonsa sa'ad da aka fara gane shi. Ranar 18 ga Nuwamba 1929 girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.2 ta auku a Grand Banks, kudu da tsibirin Newfoundland na ƙasar Kanada, wayoyin tangaraho 12 da ke kwance a ƙasan tekun Atilantika suka tsinke. Na kusa sun tsinke nan take, na can ƙasan gangare kuwa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe bayan sa'o'i 13. A 1952 masana biyu, Bruce Heezen da Maurice Ewing, suka jera lokutan tsinkewar suka nuna cewa wani abu ne ya gangara yana yanke su bi da bi, da gudun mota. Mu ma abin ya taɓa mu: a watan Janairu 2020, bayan babbar ambaliyar Kogin Kwango, irin wannan kwarara ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,100 a ƙasan teku, ta tsinke wayoyin intanet na ƙasan teku masu suna SAT-3 da WACS, intanet ta yi ta jan ƙafa daga Nijeriya har Afirka ta Kudu.

Kayan da za ka tanada

Gudumar fasa dutse, tabarau na kare ido, gilashin ƙara girma mai ninki 10, ƙusar ƙarfe ko wuƙa, tef na awo, kamfas, littafi da fensir, da 'yar kwalbar asid haidirokulorik da aka tsarma zuwa kashi 10 cikin 100. In ba ka samu ba, ruwan khal ko matsattsen lemun tsami ya isa, sai dai aikinsa a hankali ne. Ka yi nesa da ruwan batir. Wani asid ne daban, yana ƙona fata da tufa, kuma yakan yi wa dutsen wani farin lulluɓi ya tsayar da gwajin.

Mataki na ɗaya: fara da kwalba a gida

Sami kwalba mai haske, ka zuba tsakuwa ƙanana cokali biyu, yashi cokali huɗu, laka ko yumɓu cokali huɗu, ka cika da ruwa, ka girgiza sosai, ka ajiye. Cikin ƙiftawar ido tsakuwa ta sauka. Yashi ya biyo cikin minti ɗaya ko biyu. Laka kuwa sai ta wuni, wani lokaci ta kwana, kafin ruwan ya washe. Washegari ka duba ta gefe: manyan ƙwayoyi a ƙasa, suna raguwa sannu a hankali har zuwa laka a sama, ba tare da wani layi da ya raba su ba. Wannan jeri shi ne zuciyar turbidayit. Masana ilimin duwatsu Philip Kuenen da Carlo Migliorini sun nuna a 1950 cewa kwararar ruwa mai gwiɓa ce ke barin irinsa a cikin duwatsu.

Don ganin ɗaya ɓangaren, zuba irin wannan haɗi a ƙwarya, ka ƙara fasasshen ɓawon katantanwa, ka yi ta rairaya kana tsiyaye ruwan kana sake zuba wani. Bayan ɗan lokaci laka ta tafi duka, abin da ke ƙasan ƙwaryar fes yake. Igiyar bakin teku haka take yi, shekara da shekaru.

Mataki na biyu: tsaya daga nesa

Kuskuren sabon shiga shi ne ya isa wuri ya hau dukan dutse. Ja baya kamar taku 20 ka kalli fuskar dutsen gaba ɗaya. Turbidayit ba ya zuwa shi kaɗai. Za ka ga shimfiɗar dutsen yashi, sai ta dutsen laka, sai yashi, sai laka, ɗaruruwa a jere, kowace ta miƙe da kaurinta ɗaya har iyakar ganinka. Na yashi sukan turo waje don sun fi tauri, na laka su lotsa ciki. Gaɓar Zumaia a ƙasar Sifen da ta Aberystwyth a Wales sun shahara da wannan kama. Kowace shimfiɗar yashi aukuwa ɗaya ce ta sa'o'i ko 'yan kwanaki, lakar da ke tsakaninsu kuwa tana iya zama ajiyar ɗaruruwan shekaru ko dubbai.

Kokina ba ta da wannan tsari. Launinta fari-fari ne, ko ruwan ƙasa, ko ja-ja idan tsatsar ƙarfe ta shige ta. Fuskarta cike da ramuka, shimfiɗunta sukan yi kauri a nan su sirance a can, sau da yawa a karkace kamar tudun rairayi da aka yanka. Rubuta abin da ka gani, ka yi zane, sannan ka matso.

Mataki na uku: fasa ka duba ƙwayoyi

Sa tabarau, ka fasa guntu don ka sami sabuwar fuska, domin wadda rana da ruwa suka daɗe suna duka tana yaudara. Kawo gilashin kusa da idonka, sannan ka matso da dutsen har ya fito sarai.

Tambaya uku za ka yi. Mene ne ƙwayoyin? Nawa ne girmansu? Me ke tsakaninsu? A kokina kusan kowace ƙwaya ɓawo ce ko guntun ɓawo, har kana iya ganin zanen jikinsa, girmansu a matsakaici milimita 2 ko fiye, gefunansu a goge, kuma a jingine suke da juna da rami a tsakani. In ka murza da yatsa wasu sukan ɓantare. A yawancin turbidayit kuwa ƙwayoyin yashi ne, akasari farin ƙyalli irin na dutsen wuta, gauraye da gutsattsarin wasu duwatsu, laka ta cike tsakaninsu. Launin yakan zama toka-toka ko kore-kore mai duhu, dutsen a dunƙule, guduma ta yi ƙara a kansa.

Ka lura da halin ɓawon ma. Idan makankari biyun na haɗe kamar yadda halittar ta rayu, ba a yi nisa da su ba. Idan a warwatse suke, a farfashe, mafi yawansu a kife, igiya ta daɗe tana wasa da su.

Mataki na huɗu: asid da ƙusa

Ɗiga asid digo ɗaya a sabuwar fuskar. Kokina takan tafasa nan take da kumfa, saboda ɓawo sinadarinsa ɗaya da alli da dutsen farar ƙasa. Da khal ko lemun tsami, kankare ɗan gari da ƙusa ka ɗiga a kansa, ka kara kunne, za ka ji yana tsuwa. Sannan ka ja ƙusa a jikin dutsen. A ma'aunin taurin ma'adinai mai hawa 10, sinadarin ɓawo yana wajen hawa na 3, ƙarfen ƙusa wajen 5 da rabi, ƙwayar yashi ta gaske a hawa na 7. Ke nan ƙusa tana karce kokina cikin sauƙi, a kan dutsen yashi kuwa ita ce ke barin sawun ƙarfenta.

Kada kumfa ta ruɗe ka. Dutsen yashi ma yakan yi kumfa idan abin da ya manne ƙwayoyinsa na jinsin alli ne. Duba ta gilashi yayin da asid ke aiki: ƙwayoyin ne ke narkewa, ko tsakaninsu kawai?

Mataki na biyar: bi shimfiɗa ɗaya daga gindi zuwa kai

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. Zaɓi shimfiɗar yashi ɗaya, ka nemo gindinta. A turbidayit gindin kaifi gare shi kamar yankan wuƙa: laka a ƙasa, manyan ƙwayoyi a sama, ba wani shiga-tsakani. Ɗora ɗan yatsa a wurin ka ja shi sama sannu a hankali. Za ka ji kaushi yana raguwa har ya koma santsi, kuma ba za ka iya nuna daidai inda yashi ya ƙare laka ta fara ba. Gindi mai kaifi, kai mai narkewa: in ka sami wannan sau goma a jere, ka kusa yanke hukunci.

A 1962 Arnold Bouma, masani ɗan ƙasar Holan, bayan nazarin duwatsun yashi na kudu maso gabashin Faransa, ya kasa cikakkiyar shimfiɗar turbidayit gida biyar, ana kiransu Ta, Tb, Tc, Td da Te daga ƙasa zuwa sama. Ta shi ne na gindi, yashi mai kauri ko tsakuwa ƙanana, babu zane a cikinsa don ya zubo da sauri, wani lokaci da ɓarɓashin laka da kwararar ta fizgo a hanya. Tb yashi ne mai layuka a miƙe, alamar ruwa na gudu sosai. Tc yashi mai laushi ne da ƙananan tuddai irin waɗanda kake gani a rairayin gulbi bayan ruwa ya janye, layukansu a karkace, wani sa'in a nannaɗe kamar an murɗe su tun suna ɗanye. Td layuka ne sirara na ƙasa mai laushin gari. Te laka ce, wadda ta sauko bayan komai ya lafa. Karanta su a jere, labarin ruwa ne da ya zo da fushi yana hucewa.

Kada ka sa rai da ganin biyar ɗin duka a shimfiɗa ɗaya, domin ba kasafai suke cika ba. Kusa da inda kwararar ta fito, shimfiɗu kan yi kauri, Ta da Tb su mamaye, sabuwar kwarara ta share kan tsohuwa har yashi ya hau yashi. Can nesa kuwa sukan sirance zuwa 'yan santimita, su fara daga Tc. Wannan rashin cikar kansa bayani ne, yana gaya maka wane ɓangare na tsohon teku kake tsaye a kai. Auna kaurin shimfiɗu 20 ko 30 da tef, ka rubuta na yashi da na laka dabam, ka nuna gidan da kowace ta fara da shi. Ni a ganina shafi ɗaya na irin wannan awo ya fi buhun gutsattsarin da aka kwaso ba a san daga wane hawa suka fito ba.

Wani amfani kuma: inda motsin ƙasa ya tayar da shimfiɗu tsaye ko ya kifar da su, jerin ƙwayoyin zai nuna maka ina ne sama tun asali. Ɓangaren da ya fi laushi shi ne kai.

Yi wa kokina wannan gwaji, yatsanka ba zai ji wani sauyi mai tsari ba. Hawa na manyan ɓawo da na ƙanana suna musanya yadda igiya ta ga dama, laka kuwa babu ita ko kaɗan ce.

Mataki na shida: leƙa ƙarƙashin shimfiɗar

Nemi inda laka ta zaizaye ta bar gindin shimfiɗar yashi a fili, ko wani falle da ya faɗo ya kife. Kwararar da ta wuce bisa laka takan ƙwaƙule ƙananan ramuka, yashi ya cike su, su fito a matsayin ƙulli-ƙulli masu siffar cokali. Gefen da ya fi tudu da kumburi yana fuskantar inda ruwan ya fito, gefen da ya baje ya nuna inda ya nufa. Akwai kuma dogayen layuka da tsakuwa ko guntun itace suka ja. Ɗora kamfas ka auna goma ko fiye, za ka ga yawancinsu sun fuskanci gefe guda. A wasu wuraren ana samun wani zane mai kama da saƙar zuma, sawun wata halitta ce ta zurfin teku. Kokina ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Mataki na bakwai: gwada shan ruwa

A gida, busar da guntun dutsen sarai ka auna nauyinsa. Jiƙa shi kwana ɗaya, ka goge jikinsa, ka sake aunawa. Sannan ka tsoma shi a kofin awo ka ga yawan ruwan da ya ɗaga. A ce busasshe giram 200 ne, jiƙaƙƙe 230, ya ɗaga mililita 110: raba 30, wato nauyin ruwan da ya sha, da 110, ka sami kusan kashi 27 cikin 100 na jikinsa rami ne. Kokina takan sha ruwa kamar soso, tana fitar da kumfar iska da zarar ka tsoma ta. Tsohon turbidayit mai laka da kyar nauyinsa ke motsawa.

Waɗannan ramukan su ne suka yi wa kokina suna. Sifaniyawa sun gina ganuwar Castillo de San Marcos a garin St. Augustine na Fulorida, a Amurka ta yau, tsakanin 1672 da 1695, da kokinar da suka yanko daga tsibirin Anastasia. Da taushi ake yanko ta, sai a bar ta ta daɗe tana bushewa kafin a ɗora ta a gini. Da Ingilishi suka kewaye wurin a 1702 da kuma 1740, harsashin igwa nutsewa ya riƙa yi cikin bangon maimakon ya tarwatsa shi, kuma ba a ci ganuwar da yaƙi ba. A Shark Bay ta yammacin Ostareliya ma an yanki tubalan ɓawo an yi gine-gine da su.

Kada ka ɗauka daga nan cewa turbidayit kullum a toshe yake. Wanda yashinsa ya fito da tsabta, bai kuma daskare ƙwarai ba, yana riƙe mai da yawa. Rijiyoyin Bonga, kimanin kilomita 120 daga gaɓar Neja Delta a ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000, waɗanda suka fara ba da mai a 2005, daga yashin turbidayit suke zuƙowa, haka ma na Agbami. A tekun Burazil kuwa akwai man da ke kwance cikin kokinar tsofaffin tafkuna, ƙarƙashin kaurin gishiri.

Mataki na takwas: kore masu kama da su

Abu huɗu ne suka fi yaudara. Na farko, shimfiɗar guguwa: hadari mai ƙarfi a teku marar zurfi yakan bar shimfiɗa mai kaifin gindi, ɓawo a ƙasa, laushi a sama. Bambancinta shi ne layukan cikinta suna hawa da sauka a hankali kamar ƙananan tuddai da kwari, samanta kuma da tuddan igiya masu gefe biyu daidai. Na biyu, ajiyar ambaliyar kogi, wadda ita ma ke raguwa zuwa sama, amma za ka tarar da sawun saiwoyi, tsagewar busasshiyar laka, da launin ja.

Na uku shi ne inda sunayen biyu suka haɗu. Kwarara tana iya kwaso ɓawo daga bakin teku ta kai shi zurfi. Guntun da ka fasa zai yi kumfa, zai nuna ɓawo, amma shimfiɗar tana da kaifin gindi, ƙwayoyinta na raguwa, kuma tana zaune tsakanin baƙar lakar zurfi. Wannan turbidayit ne na ɓawo. Guntu a hannu ba zai taɓa gaya maka haka ba.

Na huɗu shi ne wanda ɗalibi a ƙasar Hausa zai fi cin karo da shi. Teku ya taɓa ratsa wannan yanki, ya bar dutsen farar ƙasa mai cike da ɓawo, kamar na Kalambaina a Sakkwato da na Ashaka a jihar Gombe, waɗanda ake yin siminti da su. Ganin ɓawo a jikin dutse bai mai da shi kokina ba. Koma ga gilashinka: idan ɓawon na yawo ne cikin daskararriyar lakar alli, ba su taɓa juna ba, dutsen farar ƙasa ne mai ɓawo. Sai ɓawo ya zama shi ne ginshiƙin dutsen, yana jingine da ɗan'uwansa, laka ta kau, sannan sunan kokina ya hau.

Mataki na tara: rubuta sunan yadda ya dace

A littafinka ka raba shafi biyu. A hagu rubuta abin da ido da hannu suka tabbatar: launi, irin ƙwaya da girmanta, abin da ke tsakanin ƙwayoyi, yadda asid da ƙusa suka yi, kaurin shimfiɗa, siffar gindi da kai, da inda alamun ƙarƙashi suka fuskanta. A dama rubuta fassararka. Kokina tana iya shiga hagu, domin siffa ce da ka gani. Turbidayit wurinsa dama, tare da hujjojin da suka kai ka gare shi, misali: “shimfiɗu 24, kowace da kaifin gindi, 17 sun fara daga Tc, alamun cokali na nuna kwarara daga arewa.” Kowane guntu da za ka ɗauka, sa masa lamba, ka zana kibiya a jikinsa mai nuna sama kafin ka ɓalle shi daga dutsen.